Yadda Aka Ƙara wa Autata Tsawon Ƙafa

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, mai sayar da yadi da kayan ɗinki, ta karanta a taron cikar ƙungiya shekara goma.



Hajiya Shugaba, iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, Ma'aji, Sakatariya, 'yan'uwana mambobi, da mazajenmu da suka rufe rumfunansu suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana, ya nuna mana shekara ashirin kamar yadda ya nuna mana goma.

Ranar da Sakatariya ta zo rumfata ta ce an sa ni cikin masu magana, cewa na yi ta nemi wata. Kun san ni, ban yi boko ina yarinya ba, sai da na haifi 'ya'ya shida sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina koyon baƙaƙe tare da sa'o'in 'yata ta fari. Sai ta ce ai ba lacca ake so in yi ba, labarin ƙafar Auta ake so, tunda kullum mata suna tsayawa a rumfar tawa suna tambaya, wasu ma su yi kamar yadi suka zo saye. Na ga gaskiyarta. Shi ne na zauna dare biyar na rubuta wannan da hannuna. In kuka ji na yi tuntuɓe wajen karantawa, a yi mini haƙuri.

A gida na haifi Auta, yau shekara 11 da 'yan watanni. Ungozoma ce ta fara gani wajen wanka, ta yi shiru, ta kira surukata gefe. Ƙafar dama yatsu huɗu ne, ɗan ƙaramin babu shi. Ƙwaurin ya ɗan tanƙwaro gaba, kuma daidai wurin akwai wani ɗan rami a fatar, kamar an danna kwaɓin fulawa da yatsa. Tafin ƙafar ya karkata waje. In an miƙe ƙafafun an haɗa, ta dama ba ta kai ta hagu ba, amma bambancin bai wuce faɗin babban yatsa ba.

Kafin suna na sha magana. Wannan ta ce na tsallake abin da bai kamata mai ciki ta tsallake ba. Waccan ta ce fitar da nake yi kasuwa da tsakar rana ce ta sa na gamu da iska. Wadda ta fi yi mini ciwo ita ce wadda ta ɗauki jaririyar ta juya ta, ta ce su dai babu irin wannan a danginsu. Ban tanka ba, amma maganar ta zauna mini, shekara bakwai ina ɗauke da ita, ina ganin ni na ja wa yarinyar.

Tana wata huɗu aka kai mu wurin wani mai ɗori a ƙauye. Ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure tamau, ya ce a dawo bayan kwana bakwai. Kwana uku yarinya ba ta yi barci ba. Da na kwance da kaina, fatar ta saɓule a wuri biyu, tabon yana nan har yau, ƙafar kuwa tana nan yadda take. Ban zo nan don in zagi masu ɗori ba, amma ɗori na abin da ya karye ne. Ita Auta ba karaya ta yi ba, wani ƙashi ne tun farko ba a halitta mata shi ba, to me za a ɗora?

Daga nan muka sa ido, muka ce in ta girma za ta miƙe. Ta yi rarrafe, ta tashi ta yi tafiya da ɗingishinta. Sai dai maimakon ƙafar ta kamo 'yar'uwarta, kullum ƙara barin ta a baya take yi. Ta koma taka yatsu, ƙugu ya karkace, in ta dawo daga makaranta sai ta ce bayanta na ciwo. Mai gyaran takalmi na bakin kasuwa ya riƙa ƙara mata tsinin roba a ƙasan takalmi, har takalmin ya fi ƙarfin ƙafar. Yara suka sa mata suna, ba zan maimaita shi a nan ba. Wata nas da ke sayen zare a wurina ita ta dube ta wata rana ta ce, Maman Auta, me kuke jira? Ku kai yarinyar nan asibitin ƙashi na Dala a Kano. Lokacin tana shekara bakwai.

Ni da nake zuwa Kantin Kwari sarin kaya kusan duk wata, ban taɓa tunanin in ɗauki 'yata in ƙarasa Dala ba. Wannan kam laifina ne, ba na kowa ba.

Aka ɗauki hoton ƙafar, likita ya ɗaga shi ya nuna mana. Ashe a ƙwaurin mutum ƙashi biyu ne, babba a gaba, da siriri a gefen waje. Kowace ta taɓa idon sawunta ta waje yanzu, wannan tudun da kuka ji, ƙarshen siririn ƙashin ne, shi ke tokare ƙafa kada ta zame waje. To na Auta ɗan guntu ne kawai a sama, sauran babu. Shi ya sa tafin ya karkata, shi ya sa yatsa ɗaya ya yi ƙasa, kuma babban ƙashin ma ya gajarta ya lanƙwasa. Ya ce abin ba shi da yawa, kamar haihuwa ɗaya ce cikin 40,000. Na daure na tambaye shi abin da ke cina. Na ce likita, wani abu na yi ina da ciki? Ya ce Mama, ƙafar jariri tana haɗuwa ne tun cikin wata biyun farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da ciki ba, kuma babu abin da kika ci ko kika tsallake da ya kawo wannan. A gaban mutane na fashe da kuka. Maigida ya ɗauka labarin ƙafar ne ya sa ni kuka.

Ya kuma raba mana abubuwan da mu muke haɗawa mu kira su duka gurguntaka. Shan inna daban, wannan yaro ake haifa lafiya lau, cuta ta kama shi daga baya ƙafa ta shanye, kuma rigakafi ke hana ta. Gwame da ƙafar baka da ke fitowa bayan yaro ya fara tafiya, sau da yawa laushin ƙashi ne saboda abincin da ke gina ƙashi bai ishe shi ba. Na Auta kuwa da shi aka haife ta.

Sai aka tsayar da ita aka riƙa sa 'yan katakai a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar har ƙugunta ya daidaita, aka auna katakan. Santimita 6. Masu ɗinki sun sani, tef ɗinmu gefe ɗaya inci ne, ɗaya gefen santimita, to wannan ya haura inci biyu. Na ce ai da aka haife ta bai kai haka ba. Ya ce haka abin yake, ƙafafun duka suna girma, amma ɗayar ba ta saurin ɗayar. Nan take na gane, domin lissafin adashi ne. In wata tana zuba ɗari, wata tana zuba casa'in, satin farko goma ce tsakaninsu, amma ku bar su shekara ku gani. Ya lissafa ya ce in an bar ta haka, ranar da za ta gama girma bambancin zai kai wajen santimita 9.

Abin da ake yi ya danganta da yawan bambancin da kuma yadda tafin ƙafar yake. In bai kai santimita 2 ba, ƙarin tudu a takalmi ya wadatar. In ya ɗan fi haka, zuwa kamar 5, akan yi ɗan aiki a gwiwar doguwar ƙafar a rage mata saurin girma, gajeriyar ta kamo ta. In ya wuce nan sai a ja ƙashin a ƙara masa tsawo. Akwai kuma ta huɗu, wadda na san ba za ku so ji ba, amma sai na faɗa. Wani yaron akan haife shi da yatsu biyu ko uku, tafin ƙafar ba zai taɓa takuwa daidai ba, gajartar kuma ta yi yawa. Irin wannan likitoci sukan ba da shawarar a cire tafin ƙafar tun yaro yana wajen shekara ɗaya, a sa masa ta roba, ya koyi tafiya da ita. Da na fara ji sai da tsigar jikina ta tashi. Amma a bencin jira na ga wani yaro ɗan shekara biyar da ƙafar roba, uwarsa tana bin sa da gudu ta kasa kama shi, ga tawa 'yar mai ƙafarta ta jini da tsoka tana jan jiki. Uwar ta gaya mini har yau akwai dangin da ba sa gaishe ta, wai ta sa an yanke wa ɗanta ƙafa. Don Allah in kuka ga irin wannan uwa, ku riƙe bakinku, ba ku san daren da ta kwana ba kafin ta sa hannu.

Ita Auta tafinta yana iya zama daidai a ƙasa, don haka aka ce za a ja ƙashin, santimita 5 a karon farko.

Maganar kuɗi ba sai na tsawaita ba, da yawanku kun fi ni sanin ta. Abin da aka lissafa mana ya fi jarin rumfata gaba ɗaya. Shekara guda muka yi muna tarawa. Ƙungiyar nan ta ba ni rance ba tare da an tambaye ni abin da zan jinginar ba, kuma mata uku a adashinmu suka bar mini kwasarsu, suka koma ƙarshen layi. Sun san kansu, sun hana ni kiran suna. Maƙwabciyata mai maɓalli ita ta riƙe mini rumfa duk ranar da muke Kano, ba ta taɓa ɓatar mini da ko zare ɗaya ba. Na gama biyan rancen bara, Ma'aji tana nan ta shaida.

Tana shekara takwas aka yi aikin. Da aka fito da ita daga tiyata na ga ƙafar, sai da na dafa bango. Zobba ne na ƙarfe manya sun zagaye ƙwaurin har zuwa tafin ƙafa, an haɗa su da dogayen ƙusoshi masu noti, ga siraran wayoyi sun shiga ta wannan gefe sun ratsa ƙashi sun fita ta wancan, an ɗaure su tamau kamar wayoyin wilin keke. A ciki kuma an raba babban ƙashin gida biyu a hankali, ba tare da an lalata fatar da ke lulluɓe da shi ba, domin ita ce mai haifar da sabon ƙashi. An kuma miƙar da lanƙwasar nan. Ana kiran ƙarfen da sunan wanda ya ƙirƙiro shi, wani likita a ƙasar Rasha mai suna Ilizarov, wanda ya fara aiki da shi a garin Kurgan wajen 1951. Shi ya gano cewa in an raba ƙashi ana jan sa kaɗan-kaɗan, jiki da kansa zai riƙa cike gurbin.

Sati guda ba a taɓa komai ba, an bar wurin ya fara haɗa kansa. Rannan nas ta zo da 'yar sifana ta miƙa mini, ta ce daga yau aikin ya dawo hannunki. Na ce nawa? Ta ce naki.

Ga yadda yake. A tef, kowace santimita tana da 'yan layuka goma, kowane layi shi ne milimita. To milimita ɗaya tak ake ja a yini, ita ma ba a lokaci guda ba, sai an kasa ta huɗu. Kowane noti za a murɗa shi kwata, wato kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye, sau huɗu a rana. Nas ta ɗiga jan farce a gefe ɗaya na kowane noti don in riƙa ganin inda na tsaya, ta zana kibiya a kan zoben tana nuna inda ake murɗawa. In an yi gaggawa, ƙashin ba zai iya cike gurbin ba, jijiyoyi kuma su wahala. In an yi sanyi, sai ya haɗe tun ba a kai inda ake so ba, sai an koma tiyata an sake raba shi. Santimita 5 kwana 50 ke nan, murɗa 200.

A nan ne karatun yaƙi da jahilci ya biya ni. Malamarmu ta ɗauki littafi mai layi ta ja mini gidaje, kwanan wata a gefe, sai gida huɗu a gabansa: asuba, azahar, magariba, sha biyun dare. Duk murɗar da na yi sai in sa alama, in yarinya ta yi zazzaɓi ko ta ce yatsunta suna mata jin-jin kamar ana tsira mata allura, in rubuta a ƙasa. Da a ce shekara biyar kafin nan ne, da sai dai in dogara da ƙwaƙwalwa, mace mai 'ya'ya shida da rumfa da tukunya a wuta. Wallahi akwai daren da na farka ban san ko na murɗa ko mafarki na yi ba, littafin ne ya raba gardama.

Ana kwana na goma sha tara aka yi mana rasuwa, na tafi zaman makoki na kwana biyu, na bar wa babbar 'yata sifana da littafi. Da na dawo na buɗe, gidaje bakwai babu alama. Ashe surukata ce, Allah ya ƙara mata lafiya, ta ga jikarta tana kuka ta karɓe sifanar ta ɓoye a ƙarƙashin katifa, ta ce a bar yarinya ta huta. Tausayi ne, ban ga laifinta ba. Abin da zuciyata ta ba ni shi ne in rama bashin a dare ɗaya, in murɗa bakwai ɗin in wuce wurin, ba wanda zai sani. Har na ɗauki sifanar. Sai na ajiye na kira nas a waya, ta ce kul, kada ki kuskura, ci gaba yadda kika saba, ki rubuta abin da ya faru ki zo da shi. Da muka je likita ya duba hoto ya ce ƙashin bai haɗe ba, Allah ya rufa asiri. Daga ranar sifanar a lalitata take kwana.

Murɗa noti ma sauƙi ne a kan sauran. Ko'ina waya ta shiga fata ƙofa ce a buɗe, ga mu cikin hunturu, ƙura ko ta ina. Kullum sai na wanke hannu na goge bakin kowace waya da abin da asibiti suka ba mu, kowace da audugarta, ba a maimaitawa. Masu zuwa dubiya kowa da maganinsa, wannan man shanu, wancan toka, wata har da garin magani a ƙullin leda. Na karɓa na yi godiya, ban sa ko ɗaya ba. Duk da haka sai da waya ɗaya ta yi ja ta kumbura ta fara fitar da mugunya. An ce mana dama hakan yana yawan faruwa, abin da ake so a je da wuri. Muka je aka ba ta maganin sha, cikin 'yan kwanaki ya lafa. Na ɗinka wa ƙarfen riga da yadi mai kauri na sa masa zik, ita kuma na yi mata siket masu faɗi. Wasu iyaye a asibitin suka gani suka ce in yi musu, na yi guda shida, ban karɓi ko kwabo ba.

Wanda ya fi komai wuya shi ne gashi. Ƙashi yana yarda a ja shi, tsoka da jijiya kuwa gardama suke yi. In an bar su sai gwiwa ta ƙage ta ƙi miƙewa, a samu tsawo a rasa tafiya. Masu gashin ƙashi suka koya mini yadda zan kwantar da ita in danna gwiwar ta miƙe, in riƙa motsa yatsun, safe da yamma. Ihun da take yi har maƙwabta sun taɓa shigowa suna ba ni haƙuri, sun ɗauka dukanta nake. Ta ce mini ba ta sona, ta fi son Baba. Shi kuwa Baban da ya ji an fara sai ya ɗauki buta ya fice. In na gama sai in shiga bayi in yi nawa kukan, in wanke fuska in fito. An kuma ce ta riƙa takawa da sanduna, wai nauyin jiki yana sa sabon ƙashi ya yi ƙwari. Nono, madara, wake, ƙwai, kifi, duk abin da ya samu na tura mata.

Duk sati biyu muna kan hanyar Kano a ɗauki hoto. Da farko gurbin baƙi ne wuluk, kamar ba komai. Sai wani abu ya fara bayyana a ciki kamar hayaƙi, ya riƙa yin fari, ya riƙa kauri. Da muka cika santimita 5 aka ce a daina murɗawa, na ɗauka an gama, har na fara shirin tuwon sadaka. Ashe jiran ya fi jan tsawo, domin sabon ƙashin ɗanye ne, sai ya nuna. Wata huɗu muka ƙara. Gaba ɗaya ƙarfen ya yi wata shida da 'yan kwanaki a jikinta, da shi ta koma makaranta, yaran da ke tsokanarta suka koma rigimar wanda zai riƙe mata jaka. Bayan an cire aka sa mata siminti na wasu makonni, aka hana ta tsalle da guje-guje na wani lokaci, don sabon ƙashi yana iya karyewa ko ya lanƙwashe. Ranar da ta sa takalmi irin na kowa, na kanti, ta taka daga ɗaki zuwa zaure, surukata ce ta fara yin guɗa.

Yanzu bari in bar Auta in yi maganar da ta fi shafar ku, domin irin nata ba kasafai ba ne, amma akwai wanda kusan kowace a nan ta taɓa gani. Shi ne jaririn da ake haifa tafin ƙafarsa ya murɗe ciki yana kallon 'yar'uwarsa, diddige ya ɗage sama, in ya girma a haka sai ya riƙa taka gefen ƙafa ko bayanta. Wannan kamar ɗaya ne cikin haihuwa 1,000, ya fi yawa ga maza, kuma kusan rabinsu ƙafa biyun ne. Zaman benci ya sa na ga iyayensu da yawa. Abin da ya ba ni mamaki, yawancinsu ba sa bukatar babbar tiyata in an kawo su da wuri. Akwai hanyar wani likita mai suna Ponseti, haifaffen Sifen da ya yi aikinsa a Amurka. Tun jariri yana sati ɗaya ko biyu, lokacin da ƙafar take da laushi, ake juya ta a hankali da hannu a sa siminti tun daga yatsu har cinya. Duk sati a cire a ƙara juyawa a sa sabo, kamar sau biyar zuwa takwas. Yawanci a ƙarshe akan ɗan tsaga agara, aikin 'yan mintoci, a sa simintin ƙarshe na sati uku. Daga nan sai wasu takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe, wata uku yaro yana sanye da su dare da rana, awa ɗaya kawai ake cirewa, sannan a koma sa masa lokacin barci har ya kai shekara huɗu ko biyar.

Wurin takalman nan ake faɗuwa. Uwa ta ga ƙafa ta miƙe sumul, yaro yana kuka da dare, miji yana faɗa an hana shi barci, sai ta cire ta jefa a ƙarƙashin gado. Bayan shekara ƙafa ta koma gidan jiya. Na ga wata da ta dawo da ɗanta ɗan shekara uku, aka ce sai an sake daga farko. Na kuma ga saurayi ɗan shekara sha biyar da ba a taɓa kai shi ba, gefen ƙafarsa ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi, shi kam sai babban aiki a ƙashi, kuma likita bai yi masa alkawarin za ta zama kamar ta kowa ba. Abin da siminti zai gyara yana jariri.

Ɗaya abin da ke kayar da iyaye kuɗin mota ne. Zuwa duk sati, wata biyu a jere, ga mai jego, ga 'yar rakiya. Na san mata biyu da suka daina zuwa a siminti na uku, ba don ba sa son 'ya'yansu ba. Shi ya sa nake roƙon Hajiya Shugaba da kwamiti, in an zo tsara kuɗin shekara mai zuwa, a duba ko za a ware wani ɗan asusu na kuɗin mota domin mamba ko 'yar mamba da ta haifi irin wannan jariri. Ba sai ya yi yawa ba. Ni na yi alkawarin zubin farko, kuma duk wadda ba ta san hanya ba zan raka ta ranar da nake zuwa sari.

Kada kuma ku ɗauka tamu ta ƙare. Na gaya muku lissafin likita 9 ne, aka ja 5. Auta tana ta girma, ratar ta fara dawowa, yanzu da ɗan tudu a cikin takalminta. An ba mu zaɓi, ko a sake sa ƙarfe, ko a yi ɗan aikin nan a gwiwar hagu a rage mata saurin girma, wanda zai sa ta ɗan rage tsawon da za ta yi, da abin da bai kai inci biyu ba. Shi wannan aikin lokaci gare shi, dole sai yarinya tana da sauran girma, in ta gama shi ke nan ya wuce. Auta ta ce ita ko za a ba ta duniya ba za ta sake sa ƙarfe ba. Ni ina bayanta, don ni na san abin da muka gani. Maigida kuma ya ce ƙafar da Allah ya ba ta lafiyayya ba wanda zai sa mata wuƙa, kuma ban ce ba shi da hujja ba. Yana nan zaune a baya yana jina, Malam ka yi haƙuri na fasa ƙwai a gaban jama'a. Wata mai kamawa za mu koma a sake auna ta, ya yarda zai bi mu ya yi wa likita tambayoyinsa da bakinsa. Ku sa mu a addu'a.

Littafin da sifanar na zo da su, suna kan teburin Sakatariya a bakin ƙofa tare da hotunan ƙashin, na farko da na ƙarshe. Duk mai son gani ta duba in an tashi, amma don Allah a bar mini su a wurin, kada yara su ɗauka.